Makau, Mai Cewa A'a a Durƙushe

Kafin ƙarfe bakwai na safe masu ƙosai na bakin tashar Anka sun san Malam Makau ya wuce, don salansar babur ɗinsa ta fi shi yawan magana. Yakan jingine shi a bayan shagon teloli, ya ɗauko tsani, ya hau rufin wani ɗan ɗaki da tabarma biyu ba za su shimfiɗu a cikinsa ba, ya goge farantan sola daga ɓarnar da tattabarun maƙwabta suka yi musu. Sai ya sauko ya buɗe ƙofa, ya yi sallama duk da ya san ba kowa, ya ɗora bayan hannunsa a jikin wata baƙar na'ura da ke kan benci, kamar yadda uwa ke taɓa goshin ɗanta. In ya ji ɗumin ya wuce kima, ya juya mata fanka, shi ya zauna cikin zufa. Daga nan zai karanta rahoton da na'urar ke rubuta wa kanta: wa ya shiga jiya, wa ya manta kalmar sirrinsa, baƙi nawa daga ƙasashen da bai taɓa takawa ba suka gwada ƙofa suka tarar da ita a rufe. Ƙarshen aikin safe shi ne ya zare faifan ajiyar da ya kwashi kwafin komai, ya soka wani a madadinsa, ya naɗe na farkon a tsohuwar safa ya jefa aljihu. Wannan faifan a ɗakin mahaifiyarsa Inna Iyatu yake zama, cikin kwalla ta uku daga sama, kuma tsohuwar ba ta yarda ko jikokinta su ɗaga murfin.

Na'urar nan ita masu aikin ke kira saba. A cikinta shafinmu na Gari Uku yake zaune, shafin da mu mutum talatin da 'yan kai daga Anka, Gummi da Bukkuyum muke rubuta abin da ya shafe mu: sanarwar rasuwa da ta suna, saniyar da ta ɓata da kamanninta, hanyar da ruwa ya cinye, ranar da ma'aikatan lafiya za su je Sunke auna jinin yara saboda gubar dalma. Ɗan gari da ke neman abinci a Legas ko Fatakwal da shi yake jin gida. Wanda bai iya karatu ba ana karanta masa a majalisa bayan la'asar. Duk wanda ya buɗe shafin zai ga sunayenmu manya-manya, nawa ma har da hoto, na karkata hula. Sunan Makau kuwa ba ya ko'ina, alhali shekara goma sha biyu ke nan yana riƙe da mu.

Yanzu idonsa ya fara gajiya, likita ya ce ya rage kallon allo, don haka zai sauka. Abokan aiki suka ce ni zan rubuta masa jinjina, tunda ni ne babba, kuma ni na koya masa karatu shekara uku a firamare lokacin da nake aiki a Anka. Na karɓa, amma da sharaɗin zan faɗi abin da ban taɓa faɗa a bainar jama'a ba. A gundumar Gwashi akwai wani mai gyaran babur sunansa Sahabi. Shekara uku da suka wuce, ni Halilu, tsohon hedimasta mai furfura, na rubuta abin da zai sa a kashe shi, kuma na yi iyakar ƙoƙarina in fitar da shi duniya ta karanta. Makau ne ya tare ni. Don a gane yadda ɗalibi ya iya tare malaminsa, sai na koma baya kaɗan.

Da muka fara shafin, kalmar sirri ɗaya ce gare mu duka, an ma rubuta ta da alli a bayan ƙofa kada wani ya manta. Haka muka tashi. Wa zai kalli yayansa ya ce ba zai ba shi makulli ba? Kara ta sa kowa ya ba abokinsa, abokin ya ba surukinsa. Ba a yi wata huɗu ba wani ya shiga ya gyara sanarwar ɗaurin aure, ya ƙara wa kawunsa sarautar da ba a taɓa naɗa shi ba. Wani ya goge labarin sabuwar rijiya a Gummi saboda an yabi unguwar da ba tasu ba. Kuma ba wanda ya san wa ya yi, tunda duk da suna ɗaya muke shiga. Aka kira taro, aka yi rantse-rantse, manyan mutane suka riƙa nuna wa juna yatsa, saura kaɗan a watse.

A nan aka tuna da Makau. Lokacin yana buga takardu a wani ofis, ya kuma koyi kwamfuta da kansa, daga littattafan gwanjo da yake sayowa a Sakkwato da tambayar duk wanda ya fi shi sani. Ya saurare mu har muka gaji da kanmu, sannan ya ce a ba shi mako uku. Da ya kira mu ya nuna abin da ya shirya, bai cika mu da Turanci ba. Ya ce mu ɗauka gida ne. Zauren shi ne wata saba ta haya can nesa, wadda duniya ke gani, kuma ba a rubuta komai a cikinta, sai abin da aka gama aka aika mata. Tsakar gida ita ce wannan baƙar na'ura ta Anka, nan ake rubutu da gyara. Kowa ya sami sunansa da kalmar sirrinsa, kuma duk harafin da aka taɓa, saba na rubuta wa ya taɓa da lokacin da ya taɓa. Marubuci zai rubuta ya ajiye, amma madannin wallafawa ba zai ma bayyana a allonsa ba. Rubutun zai faɗa wani wuri da Makau ya sa wa suna ɗakin jira, ya tsaya nan har mai dubawa ya karanta ya danna.

Masu dubawa uku ya sa, ɗaya a kowane gari, ya kuma juya abin yadda ba mai duba rubutun garinsu. Na Bukkuyum Gummi ke dubawa, na Gummi ya zo Anka, na Anka ya tafi Bukkuyum. Da aka tambaye shi dalili, ya ce ɗan gari na jin nauyin ɗan gari, ba zai iya mayar wa limamin unguwarsu rubutu ya ce a gyara ba. Duk muka yi dariya, don kowa ya san gaskiya ya faɗa. Shi kansa ya cire wa sunansa ikon wallafawa. Babban makullin da ke buɗe komai yana hannunsa, amma ya ce na gyaran na'ura ne, ba na magana ba.

Ni fa duk wannan bayanin na ɗauka don sauran mutane ake yi. Da aka watse na tsaya ina jiran a ba ni nawa makullin na manya. Na ga shiru.

"Makau," na ce, "ni ma sai an duba ni? Ni da nid duba rubutunka da jan biro shekara ukku?"

Sai ya tuɓe takalmi, ya durƙusa har ƙasa. "Allah shi gafarta Malam. Ai kai kak koya muna cewa ko hedimasta ba shi duba jarrabawar ɗanshi."

Ka ji irin ɗaliban da mutum ke raino! Na tafi gida ina huci, na kuma laƙaba masa Sarkin Ƙofa don haushi. Sunan ya bi shi, har teloli da shi suke kiransa, shi kuwa sai ya amsa da murmushi kamar an naɗa shi da gaske.

Abubuwan da ya yi a shekarun da suka biyo baya ba ni kaɗai ne shaida ba. Ya rage wa shafin nauyi har yana buɗewa a ƙaramar waya mai layin sabis ɗaya, don ya san a ƙauyukanmu sai an hau tudu ake samun ko ɗayan. Da tsaro ya taɓarɓare, shi ya fara gaya mana cewa hoton waya na ɗauke da bayanin inda aka ɗauke shi, ya kuma shirya saba ta riƙa goge wannan bayanin da kanta kafin hoto ya fita, kada hoton rumbun wani ya zama kwatance ga ɓarawo. A shekarar da aka katse layukan waya a jihar, shafuka da yawa suka mutu, namu bai mutu ba. Marubuta kan zo Anka da labari a waya, su tsaya bakin tagar ɗakin nan su aika wa saba kai tsaye ba tare da intanet ba. Masu dubawa su zo ranar da aka sa musu. Shi kuma duk mako ya ɗauki faifai ya hau mota zuwa garin da ke da sabis a maƙwabciyar jiha, a hanyar da kowa ya san halinta, ya ɗora, ya dawo. Malama Rahina, mai koyar da kwamfuta a Gummi, wadda ita ke duba rubutun Bukkuyum, ta ce ko a wannan lokacin bai bar layi ɗaya ya fita ba tare da ido na biyu ya gani ba.

To, mu zo kan maganar Sahabi.

Damina ce, ranar Laraba da hantsi, mutane na gona. 'Yan bindiga suka shiga ƙauyenmu na gundumar Gwashi suka tafi da mutum goma sha ɗaya, cikinsu har da ƙanena Murtala, wanda na goya a bayana muna yara. Gidajen da suke so suka nufa kai tsaye, ba su yi ɓatan kai ko sau ɗaya ba. Kowa ya san ma'anar haka, akwai mai nuna musu. Kafin azahar ta washegari suna ɗaya ke yawo a bakin mutane. Mutum uku suka ce mini jajibirin ranar an ga Sahabi ya nufi daji a babur da jakar kayan aiki. Shi kuma ba shi da masu tsaya masa. Uwarsa 'yar gari ce, amma ubansa baƙo ne da ya zo aikin zinariya daga wata jiha, ya rasu a nan, bai bar dangi ba.

A wajenmu in aka kira mutum infoma, ba zaginsa aka yi ba, hukunci aka yanke masa. Na san haka sarai. Na ga abin da samari masu zafin kai suka yi wa wasu a garuruwan kusa, ba alƙali ba shaida. Na kuma san abin da ya rage musu shi ne su ga maganar a Gari Uku, don mutane sun yarda abin da ya fito a shafinmu an tace shi. Duk da haka na zauna a gidana a Bukkuyum na rubuta. Na sa cikakken sunansa, na kwatanta inda shagonsa yake, na haɗa da hotonsa da na samu a wayar wani. Allah ya yafe mini, ban taɓa yin rubutu mai daɗin karantawa kamarsa ba. Na aika, ya faɗa ɗakin jira, gaban Malama Rahina.

Ba a yi rabin awa ba ta kira ni.

"Baba Malam, Allah shi kuɓutar da Baba Murtala da sauran. Na karanta. Amma wa yag ga mutumin ga da idonai shina magana da su?"

"Mutum ukku sun hwaɗa man."

"Ba ni sunayensu da lambobinsu, ka ba ni kwana biyu."

"Kwana biyu? Ƙanena na daji cikin ruwan sama, ke kina ƙirga man kwanaki?"

"Ka yi man haƙuri, Baba. Ba ni dannawa sai na ji."

Na kashe waya a kunnenta, abin da ban taɓa yi wa mace ba. Gari na wayewa na hau mota sai Anka, don na san akwai hanyar da ba ta bi ta Gummi ba.

Na tarar da Makau a gaban allo. Ya miƙe ya yi mini jaje, idonsa ya yi ja, don ya san Murtala tun ina koyarwa a Anka. Ban bari ya gama ba.

"Kai ad da babban makulli. Kak ka ce man ba ka iyawa."

"Ina iyawa, Malam. Ko minti guda ba shi cika. Ba ni yi ma ƙarya."

"To buɗe."

Ya tuɓe takalmi, ya durƙusa a wannan ɗan matsattsen wuri har gwiwarsa na dukan benci. "Ba ni buɗewa, Malam."

Abin da na gaya masa a ranar ba zai rubutu ba. Na kira shi butulu. Na tuna masa ranar da ya zo aji ba fensir na ba shi nawa. Teloli suka tsayar da kekunansu suna saurare. Na ce da ƙanensa ne a daji da tuni ya buɗe.

Kansa na ƙasa ya amsa. "Da ƙanena na, Malam, da ni ma nan za a tare ni. Don ranar ga nig gina shi hakanan. Ban gina shi don ranar da hankalin kowa ke kwance ba." Sannan ya ƙara: "Wayarka na aljihunka. In ka sa shi shafinka na kanka, ba mai hana ka, sunanka na. Amma nan sunan mutum talatin na, kuma da shi za a tai a ɗauko mutum."

Ya ce abin da zai iya shi ne ya taya ni rubuta sanarwar waɗanda aka sace, sunayensu da shekarunsu da roƙon addu'a, ba tare da an ɗora wa kowa laifi ba. Na ce ya yi abin da ya ga dama. Ya buga ina faɗa masa sunayen ina haɗiye kuka, aka aika Gummi, cikin kwatan awa Malama Rahina ta wallafa. Ya aika aka sayo mini fura, na ƙi sha.

Na fita na zauna a rumfar teloli da waya a hannu. Na kwafe rubutun Sahabi gaba ɗaya na zuba a shafina na Fesbuk, saura in danna. Na fi awa ɗaya a haka. A nan na gane abin da har yau nake jin kunyarsa. Ina son maganar ta fita da hatimin Gari Uku, amma ba na son ta fita da sunana ni kaɗai. Ashe ban tabbata ba. Abin da nake nema shi ne mutum talatin su taya ni ɗaukar abin da ban iya ɗauka ni ɗaya. Na goge, na hau mota na koma Bukkuyum ban yi wa kowa sallama ba.

Malama Rahina ba ta ma cika kwana biyun ba. Ta nemo sunayen mutanen nan uku da kanta, ta bi su ɗaya bayan ɗaya, ta tarar duk daga bakin mutum ɗaya suka ji, shi ma da aka matsa masa ya ce gani ya yi an wuce, bai san ina aka je ba. Ta gano inda aka je. Injin niƙan wani ƙauye na bakin daji ne ya tsaya, mai injin ya aika a kira Sahabi, kuma mata sun fi goma da suka wuni zaune da hatsinsu suna kallonsa yana kwance ƙarfe. Ta kira mai unguwarmu ta gaya masa, shi kuma ya ajiye Sahabi a zaurensa kwana huɗu har ƙura ta lafa. Samarin sun yi ta leƙa shafin suna jiran suna, ba su ga komai ba sai sanarwar addu'a.

Bayan kwana arba'in da bakwai Allah ya dawo mana da Murtala, ya rame har sai da na kalle shi sau biyu. Da ya sami ƙarfin magana ya ce mai nunin sun gan shi da idonsu a dajin, yana zaune cikin mutanen yana shan shayi. Wani ne da ya zo makonni kafin harin da sunan sayen riɗi. A zauren Murtala ya kwana biyu, ya ci tuwon gidanmu. Ni kaina na gaisa da shi a lokacin, har na yaba ladabinsa.

Na je Anka in ba Makau haƙuri, na shirya jawabi tun daga gida irin na hedimasta. Ina fara magana ya durƙusa ya ce, "Subhanallahi, Malam, uba ba shi ba ɗa haƙuri. Ƙaƙa jikin Murtala?" Iyakar abin da aka yi ke nan. Shekara uku maganar ba ta fita daga bakinsa ba, ko matarsa ba ta sani ba. Teloli sun ji faɗan amma ba su san a kan wa aka yi ba, kuma da suka tambaye shi sai ya ce tsakanin malami da ɗalibinsa ne.

Makau ɗan Iyatu, yau da kai nake. Kai ne ka san halinmu fiye da yadda muka san kanmu, ka san muna da kara da kunya da saurin fushi, ka shirya na'ura daidai da mu maimakon ka zauna kana zaginmu. Kai ne ka riƙe makullin da ke buɗe komai shekara goma sha biyu, ba ka taɓa buɗe wa kanka ko layi ɗaya ba. Kai ne ka ba ni girmana cikakke, gwiwa a ƙasa, ba ka kuma ba ni abin da na zo nema ba. Na koyar da yara sun fi dubu, wasu sun zama likitoci, wasu na hawa manyan motoci su wuce ni a hanya su ɗaga hannu. Ba wanda nake alfahari da shi kamarka, kuma na daɗe ina son in faɗa maka haka a gaban mutane.

Malama Rahina ce za ta gaji sabar. Wata shida yana koya mata, ya kuma rubuta mata komai da Hausa a babban littafi, tun daga yadda ake sabunta manhaja a gwada ta a gefe kafin a ɗora wa shafin, har zuwa abin da ake yi in batir ya kumbura. Kafin ya miƙa mata babban makulli sai da ya cire mata ikon dubawa da wallafawa aka ba wani malami a Gummi. Ta ce ta ji zafin rabuwa da aikin da ta saba, amma ba ta yi gardama ba.

A makon jiya, yana share-sharen ƙarshe, ya kira ni a waya. "Malam, akwai rubutunka guda ɗakin jira, shekara ukku shina nan. Mai shi kaɗai ka iya share shi. Ban so in bar ma Rahina shi ba."

Na ce ya ba ni kwana ɗaya. Na san ba zan iya goge shi a ɓoye ba, ba kuma zan iya rubuta wannan jinjina ba alhali mutumin da abin ya shafa bai san komai ba. Na hau babur ɗin haya zuwa Gwashi. Na tarar da Sahabi a bakin shagonsa da hantsi, ya kifa wani babur yana ɗaure sarƙa, hannunsa baƙi ƙirin da mai. Ya miƙe da sauri ya share mini benci da gefen rigarsa, yana "Baba Hedimasta, yau kai na da kanka?" Na ce ya zauna. Na gaya masa komai, ban rage ba, har hoton da na haɗa. Na miƙa masa waya ya ga rubutun, ya ce bai iya karatu sosai ba, in karanta masa. Na karanta masa, kalma bayan kalma.

Ya ɗauki sifana ya juya ta a hannu ya ajiye.

"Larabar da kaka hwaɗi, Baba, ɗiyata Khairat na da kwana tara duniya." Ya nuna wata yarinya da ke gefe tana wasa da tsohuwar taya. "Ga ta can."

Na ce ya yafe mini don Allah.

"Na yahe, Baba. Kai ma ƙanenka na anka ɗauka." Ya dube ni. "Shi mutumin da yah hana, ya san ni?"

"Bai taɓa ganinka ba."

"Bai san ni ba, kuma yat tsaya?"

Na ce haka ne. Na gaya masa zan rubuta labarin don a yaba wa mutumin, amma zan sake masa suna da gari in yana so.

"A'a, ka sa sunana. Wancan karon ba ka tambaye ni ba, yanzu ka tambaya."

A gabansa na danna na goge rubutun, ya leƙa allon ya ga ya tafi.

Saboda haka, Makau, na gode. Murtala ya gode, don da ya dawo ya tarar an zubar da jini da sunansa, da bai ƙara barci mai daɗi ba. Mu talatin da 'yan kai mun gode da ka tsare mana suna a ranar da babbanmu ya so ya zubar da shi. Allah ya ba idonka lafiya, ya ja kwanan Inna Iyatu, ya sa ka gama lafiya kamar yadda ka fara.

Ku kuma 'ya'yanmu da ke buɗe shafuka da zaurukan waya a kowace unguwa, ga abin koyi a kusa da ku, ba sai kun je birni ba. Kada ku raba makulli don kara. Ku sa ido na biyu tsakanin mai rubutu da duniya, ku nemi wanda ba ya jin nauyin marubucin, ku kuma fara ɗaure kanku da dokar kafin ku ɗaure wani. Ku shirya abin tun ana zaman lafiya, don ranar da za a buƙace shi wanda zai zo yana buga ƙofa ba baƙo ba ne, wanda kuke jin kunya ne, kuma zai zo da hawaye na gaskiya.

Wannan rubutun ma sai da ya kwana biyu a ɗakin jira, sabon mai dubawa na Gummi ya kira Sahabi ya tabbatar ya yarda kafin ya danna. Ranar Asabar bayan la'asar za mu yi wa Makau walimar sallama a Anka. Sahabi ya ce zai rufe shago ya zo, ya ɗauko Khairat a gaban babur. Ya ce ba jawabi zai yi ba, so yake kawai yarinyar ta gai da Makau.